Fatar da Ke Cikin Kalma

A Mai Wurno, bayan la'asar,
kogi na tafiya a hankali kamar wanda ake bi bashi,
Mardiyya 'yar ƙanena ta shigo rumfa da takarda,
Larabci a dama, rubutun Turawa a hagu,
tambari biyu, sa hannu uku,
wai rancen da ƙungiyarmu ta dukawa ta nema bara.

Na ce karanta mini inda kuɗin suke.
Ta bi layi da farce, ta tsaya a kan wata kalma,
ta ce, "Disbas, Baffa. Za a yi disbas bayan Babbar Salla."

Na ajiye basilla.
Shekara sittin ina jin kuɗi da sunaye iri-iri,
a bakin Larabawan kasuwar Sinnar sarfi ne,
a bakin uwata biya ne, ko sallama,
amma wannan ta yi mini ƙarar tayar da ta sace.

Mardiyya ta yi karatu a Madani, ba ta barin magana a ƙasa.
Ta zauna kan turmin da nake dakan bagaruwa,
ta fasa kalmar gida biyu kamar goro.
Ɓarin farko, ta ce, fitarwa ne, rabuwa,
ɓari na biyu jaka.
Turawan Ingila a wurin Faransawa suka aro,
Faransawa suka gada daga Rumawa,
Rumawa kuma suka tsinta a bakin Girkawa,
kuma can a gindin, inda ba sauran tono,
ma'anarta fata.
Fatar dabba da aka feɗe.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ashe duk wannan tambari da sa hannu,
duk zaman jira a kan bencin banki,
ƙarshensa akuya ce.
Wani baduku da ban san kabarinsa ba,
hannunsa na warin jima kamar nawa,
shi ya ɗinka alaben da kalmar ta fito daga ciki,
ya ja zaren bakinsa, ya karɓi ladansa, ya mutu,
sunan aikinsa ya haye teku ba fasfo.

Mu ma ai haka muke.
Kakana da ya taho da ƙafa daga Haɗeja,
niyyar Makka a zuciya, ya tsaya a nan bai wuce ba,
in zai ƙirga dukiya cewa yake jaka biyu, jaka biyar,
bai taɓa cewa ga abin da ke ciki ba.
Mazubi ya cinye sunan abin da aka zuba.

Salla ta zo, ta wuce, aka ci nama, na sayi fatu bashi.
Wata safiya wayar Mardiyya ta yi ƙyas sau ɗaya.
Ta ce, "Sun shigo."
Na ce ina?
Ta nuna mini lambobi a bayan gilashi,
ba nauyi, ba ƙamshi, ba abin da zan lasa yatsa in ƙirga.

Alabe goma sha bakwai ke rataye a ƙusa bisa kaina,
ja da baƙi, ɗinkin hannu, tun damina ba wanda ya taya.
Kalmar ta riƙe fata,
mutane sun sake ta.

Da dare na sauko da guda, wanda ɗinkinsa ya fi tsafta,
na faɗaɗa bakinsa da yatsa biyu,
na ƙara masa maɗauri.
Wayarta ta shige daidai.
Ta tambayi nawa ne, tana dariya,
na ce ta bari sai bayan Salla.